Yadda Aka Yi wa Rundunar Akonta Idanu

Ƙungiyarmu ta masu fentin 'yan sojojin roba ba za ta cika tasi biyu ba, amma tana da ciyaman, tana da mataimakin ciyaman, har da wani da ake kira jami'in hulɗa da ƙasashen waje. Manya ne masu gemu da iyali, sai ka gan su ran Lahadi bayan la'asar a saman wani bene a Kawukudi, sun baje mayaƙa da dodanni a tebur, kowanne bai kai tsawon babban yatsa ba. A jefa ƙwayar ludo, a auna tazara da tef ɗin tela, a yi ta musu kan ko kibiyar wane ta kai ga dodon wane. Ina cikinsu, saboda haka ba labarin ji nake bayarwa ba.

Wasan ba shi ne asalin abin ba, fentin ne. Sojan yakan zo da launin toka, gunduwa-gunduwa, kai za ka haɗa shi da gam, ka shafe shi da baƙi, sannan ka bi shi da buroshi mai bakin allura har ya zama mutum. Kowane wata akwai gasa. Ciyaman zai rubuta a guruf ɗinmu na waya cewa wannan watan maharba za a yi, ko dodo mai fukafuki, kowa ya gama nasa ya tura hoto kafin wata ya mutu, a jefa ƙuri'a. Ba a cin komai sai suna, amma a kan sunan nan na ga mutum ya daina gaisawa da abokinsa na makarantar allo.

Ciyaman boga ne, wato irin waɗanda suka daɗe a Jamus suka dawo. Abin da ya yi a can babu wanda ya sani. Ya dawo dai da akwatuna cike da sojoji, da wani ɗan injin feshin fenti da yake lulluɓewa da tawul, da kuma tabbacin cewa mu da muka zauna a Nima ba mu taɓa ganin launi ba sai da ya zo. Ja ba ja ba ne a wurinsa sai ya kira shi da Jamusanci. Yana da hannu daidai gwargwado, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma bakinsa ya fi hannunsa ƙwarewa nesa ba kusa ba.

Wanda ya shigar da ni harkar mijin yayata ne. Akonta nake kiransa, yadda duk Zongo ke kiran mijin 'yar'uwa. Malamin lissafi ne a wata makaranta a Maamobi, mutum marar hayaniya, wanda zai saurare ka har ka gaji da kanka. Yakan tsinka fenti da ruwa sai ya koma kamar shayin da ba madara, ya shafa, ya jira ya bushe, ya sake shafawa. Rigar soja ɗaya takan ci masa mako. Runduna guda ya yi ta ginawa shekara da shekaru, masu mashi da 'yan baka, dukkansu a ƙasa ba mai doki, cikin alkyabba shuɗiya. Yayata ce ta zaɓi shuɗin, daga wani tsohon zanenta ya ɗauko launin. Gefen alkyabbar kuwa duk taɓo ne na fenti, domin ya ce sojan da ya yi tafiya ba ya zuwa da tsabtar ango. Da damina nakan same shi a bakin titi yana ƙare wa ƙafar wandon 'yan okada kallo, yana neman launin caɓi na gaskiya.

Sojojinsa ba su da fuska. Kafin ya taɓa fenti sai ya ɗauki ɗan magagari ya goge hanci da gurbin ido, wurin ya zama sumul, ya shafa masa ruwan ƙasa, ya sa 'yar inuwa a ƙarƙashin kwalkwali, shi ke nan. Dalilin a gida yake. Ranar da ya fara shigo da su, Yaya ta ce ba za ta yi salla a ɗakin da akwai abu mai ido yana kallonta ba, su kuma ɗaki da falo ne da su, babu inda za a kai su. Bai yi gardama ba. Ya je ya tambayi malamin masallacin layinsu, ya dawo da magagari a aljihu. Ni ban shiga fatawa ba, nawa sojojin suna da ido kuma a kwali suke kwana. Abin da na sani shi ne tsakanin mata da miji an yi magana, an daidaita, kuma ta daidaitu. Yaya da kanta ta kwashe tangaran ɗin aurenta daga saman kabad mai gilashi ta ba rundunar wuri. Ita ke share musu ƙura da gashin kaza, kuma ta san wanda mashinsa ya karye aka ɗora masa.

A ƙungiya kuwa ido shi ne mazantaka. Wanda ya iya ɗiga fari da baƙi a wurin da bai kai ƙwayar gero ba, shi ne gwani. Da za ka ga idanun da suke alfahari da su, da ka tausaya wa roba. Na mataimaki kullum ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon kasuwa. Na jami'in hulɗa kamar soyayyen ƙwai. Duk da haka sun yanke hukunci a tsakaninsu cewa Akonta ba ya iya ido ne, hannunsa na rawa, shi ya sa yake gogewa. Bai taɓa cin gasa ba. Duk hoton da ya tura, Ciyaman zai rubuta a ƙasa, "Nais wan, Ticha. Saura ido." Shi kuma ya tura hoton babban yatsa ya ci gaba da harkarsa.

Wata rana abin ya ishe ni na faɗa musu dalilin a gaban kowa. Ciyaman ya dafa kafaɗata yana murmushin nan nasa na wanda ya ga duniya.

"Cale, ka na rufa ma akontanka asiri," ya ce. Cale dai shi ne aboki a bakin 'yan Accra. "Ya yi kyau paa. Haka famili ya ke."

Suka yi dariya. Akonta yana gefe yana wanke buroshi, ko ɗago kai bai yi ba. A hanya na tambaye shi me ya sa ba zai faɗa da bakinsa ba, ya ce maganar ɗakinsa ba ta saman bene ba ce.

Hawan jini ne ya kayar da shi a gaban allo, yana tsakiyar darasi. Bai kwana biyu a asibiti ba. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don har yanzu ban iya faɗarsa da kyau ba.

'Yan ƙungiya sun zo jana'iza, sun ɗauki makara, wannan na shaida. Ran sadakar uku suka dawo cikin fararen jallabiyoyi, aka shigar da su falo, aka kawo musu masa da koko. A nan na fara raina su raini na gaske. Bakinsu na cewa Allah ya ji ƙansa, idanunsu na cikin kabad. A cikin rundunar akwai tsofaffin sojoji na darma waɗanda aka daina ƙerawa tuntuni, wani ɗalibin Akonta ya aiko masa da su daga waje, kuma kowa a falon ya san haka. Ciyaman ya karɓi addu'a ya ja ta da tsawo, hannu a sama, ido a buɗe, yana ƙirga jeri na biyu. Da aka shafa, mataimaki ya tashi wai ƙafarsa ta yi sanyi, ya je ya miƙe ta daidai gaban gilashin.

Allah bai ba su haihuwa ba, ɗakin kuma na gidan dangin miji ne. Kowa ya san idan Yaya ta gama takaba za ta tattara ta dawo gidanmu a Nima. Da aka zauna rabon abin da ya bari, wansa ya leƙa kabad ya taɓe baki, ya ce wannan tarkacen yara a bar wa matar, ba wanda zai yi rigima a kansa. Ban taɓa jin daɗin rainin wani kamar ranar ba. Da suka watse Yaya ta kira ni.

"Auta, ka nemo mini kwali mai ƙarfi da auduga," ta ce. "Gado da katifa duk su riƙe. Waɗannan zan tafi da su. Su kaɗai ne abin da hannunsa ya yi da zan iya ajewa kusa da ni."

Na ce mata an gama. Sai aiki ya tura ni Tamale, don kamfanin rarraba magani nake yi wa aiki, kuma tafiyar ta ja fiye da yadda aka ce.

Ina can, a bakin wani shagon magani, saƙo ya shigo guruf. Ciyaman ne, da hoton Akonta da aka zagaye da furanni. Wai gasar wannan watan ta tunawa da marigayi ce. An karɓo rundunarsa daga hannun iyalinsa, an raba wa membobi, kowa zai kammala rabonsa, domin kada a ce ɗan ƙungiya ya tafi ya bar aiki rabi. A ƙasa sai hannayen addu'a ke ta zubowa.

Na kira shi nan take.

"Wa ya ba ku?"

"Madam ɗin da kanshi," ya ce, da Hausarsa wadda ba ta raba mace da namiji. "Mun je mun gaishe shi, mun yi mishi bayani. Na ce za mu sa musu man kariya saboda danshi, mu yi hoto, mu yi ona ɗin Ticha, mu girmama shi. Ya ce yoo, ya yarda."

"Kada wanda ya taɓa fuskarsu. Na faɗa maka dalili tun yana da rai."

"Cale, mutum ya rasu, ba sauran kunya kuma. Abin da bai iya ba, mu 'yan'uwanshi za mu yi mishi. Wannan ma sadaka ne."

Na kashe na kira Yaya. Muryarta a ƙasa take, irin ta mai takaba. Ta ce sun zo su da yawa, sun tsaya a bakin ƙofa, ita tana bayan labule. Sun yi ta yabonsa, sun ce aron kwana kaɗan ne.

"Mutanen da suka ɗauki gawarsa, Auta, da wane baki zan ce musu a'a?" ta ce. "Ai sun san yadda yake yin abinsa. Abokansa ne."

Na kashe kiran. Na koma guruf na rubuta dalilin dalla-dalla, na ce matarsa a ɗakin da take salla za ta ajiye su, na roƙe su da girman Allah su shafa man kawai su mayar. Jami'in hulɗa da ƙasashen waje ya amsa da cewa dokar gasa ta hana shigar da soja marar fuska, kuma yana shirin tura hotunan wa wasu Turawa, ba za a kunyata Ghana ba. Wani ya ce baƙin ciki ne ke damuna, a yi mini uzuri. Daga nan aka ci gaba da maganar wane buroshi ya fi kama ƙwayar ido.

Hotuna suka fara shigowa, ni kuma ina nesa ina kallon ɓarna tana tafiya da tsari. Da suka zo sa ido sai suka tarar babu gurbi, babu hanci. Maimakon wannan ya tsayar da su su yi tunani, sai suka kwaɓa wani ƙulli mai daskarewa suka gina hanci. Mataimaki ya yi wa nasa hanci irin na tulu. Da fuska ta fito da haske, sai alkyabbar ta yi musu duhu, suka bi ta da shuɗi mai ƙara. Da shuɗin ya yi ƙara, sai taɓon gefen ya zama datti a idonsu, ɗaya ya rubuta cewa da alama marigayi ba ya wanke buroshi, suka rufe taɓon da zare na ruwan zinariya. Ciyaman ya kwance tawul daga injinsa ya feshe na darmar nan, waɗanda ko ba a faɗa ba rabonsa ne, tun daga kwalkwali har takalmi. A ƙarshe aka dulmiya kowa a man ƙyalli. Rundunar da ta sha tafiya cikin ruwan sama ta koma 'yan rakiyar amarya, kowanne ya zaro ido kamar an taka masa ƙafa.

Aka jefa ƙuri'a, Ciyaman ya ci. Ya rubuta dogon jawabi cewa nasarar ba tasa ba ce, ta Ticha ce.

Ranar da na sauka Accra ita ce ranar da suka mayar da su. Ban ko biya gida ba, na hau motar haya ta trotro zuwa Maamobi, na tarar sun riga ni. Suna tsaye a tsakar gida, akwatin a hannun mataimaki an ɗaure shi da ribon, jami'in hulɗa yana ɗaukar bidiyo. Ciyaman ya yi wa labule jawabi. Ya ce yau Ticha zai kwanta da daɗi, aikinsa ya cika. Yaya ta yi godiya daga ciki, ta sa musu albarka. Suka gan ni suka miƙo hannu, na ba su don idon mutanen gida, suka fita suna taya juna murna.

Na shigar mata da akwatin. Tana zaune a tabarma, carbi a gefenta. Ta kwance ribon ɗin a hankali ta naɗe shi, ta ɗaga murfin. Sannan ta jawo tire ta fara fito da su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ta juya bayansa, ta duba ƙarƙashin garkuwa, ta duba gefen riga, ta ajiye shi fuska a ƙasa, ta ɗauki na gaba. Na gane abin da take nema, wanda aka manta ba a taɓa ba. Na san babu, don na ga hotunan duka, amma na bar ta ta kai ƙarshen akwatin.

"Ina shuɗin?" ta ce.

"Yana ƙarƙashi, Yaya. A kansa suka shafa nasu."

"Za a iya cire nasu?"

"Akwai ruwan da ake jiƙa su a ciki, fenti ya saki."

"To nasa zai fito?"

Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so. Na ce mata ruwan ba ya zaɓe, tare za su fita, sai dai a samu roba mai launin toka kamar yadda aka sayo ta. Na ce ko kuma in goge fuskokin kawai da magagari, su koma marasa ido, ta iya ajewa a ɗaki.

Ta ɗauki ɗaya ta riƙe shi kusa da taga, zinariyar gefensa tana walƙiya.

"In ka goge fuskar, me ya rage nasa?"

Ta mayar da shi tire. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Aka fara gwada lasifikar masallacin layin, ta dubi ƙofa.

"Fitar da su, Auta. Zan yi salla."

Na kai akwatin baranda na tura shi ƙarƙashin benci. Da safe na dawo da niyyar in sake lallashinta, ko da biyu ko uku ta riƙe. Ta ce in mayar musu, nasu ne, su suka yi.

Na ɗauki akwatin zuwa gidan Ciyaman a Kawukudi. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa masa, na jera kalmomin da zan fara da su da waɗanda zan rufe da su, kuma babu mai daɗi a ciki. Na tsane shi a ranar, ban kuma ga dalilin ɓoyewa ba. Ya buɗe ƙofa da singileti, ya ga akwatin, fuskarsa ta yi laushi irin na mai ta'aziyya.

"Ayya, Madam bai iya riƙewa ba ko?" ya ce. "Na sani kraa. Memori ɗin ya yi mishi nauyi. Kawo, a nan za su samu kula."

Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ciki, na bi shi don in fara. A bangon falonsa akwai sabuwar kanta mai hawa-hawa, ba komai a kai, an goge ta tas, an jera mata ƙananan fitilu ta sama. Ya ajiye akwatin, ya kunna fitilun, ya ja da baya yana duba ko hasken ya daidaita.

"Ka ga aikin?" ya ce. "Tun ranar sadakan bakwai na ba kafinta awo. Ban so su zo su rasa wuri."

Ya durƙusa ya fara jera su, na darma a hawa na sama, yana juyo da fuskar kowanne ta kalli kujerar baƙi. Ya ce in miƙo masa 'yan bakan nan da ke kusa da ƙafata.